Minti Goma ko Minti Ɗaya: Yadda Ake Gwada Ingancin Jerin Bugu a Na'urar MRI

Duk wanda ya taɓa kwanciya cikin na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu da igiyar rediyo, ko ya raka ɗan'uwa ya zauna a bakin ƙofa, ya san ƙararta ba iri ɗaya ba ce. Wani lokaci ta yi ta ƙwanƙwasa a hankali kamar ana daka a maƙwabta, ta tsaya, ta koma ruri mai sauri irin na keken ɗinki, can kuma ta ɓarke da tsuwa mai kaifi wadda ita ce dalilin toshe wa majiyyaci kunne. Duk sanda ƙarar ta sauya, mai ɗaukar hoto ne ya sauya abin da ake kira jerin bugu, wato tsarin da ke faɗa wa na'ura yaushe za ta harba igiyar rediyo cikin jiki, da wane ƙarfi, yaushe za ta karkata maganaɗisu, yaushe kuma za ta yi kasaƙe ta saurara. Ganga ɗaya ce, take ne ya bambanta.

Hoton da wani jeri zai ɗauka cikin minti goma, wani zai fitar da shi cikin minti ɗaya, wani ma kafin a ƙifta ido. To me ya hana a rungumi mafi sauri a huta? Amsar tana cikin abin da ake nufi da inganci, kuma nan ne kwatance da yawa ke karkacewa, har a bakin waɗanda ke aiki da na'urar kullum.

Sai mun fara da ƙanƙantar abin da ake saurare. Jikin mutum ruwa ne da kitse, dukansu cike da haidirojin, kuma ƙwayar tsakiyar haidirojin, furoton, tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu ce mai juyi. Idan aka sa mutum cikin na'ura mai ƙarfin tesila 1.5, wato kusan ninki dubu 30 na maganaɗisun duniya, waɗanda suka fuskanci inda babban maganaɗisu ya fuskanta sukan ɗara waɗanda suka juya masa baya da kusan biyar kacal cikin miliyan. Daga wannan 'yar rarar ake gina hoton gaba ɗaya. Furoton na juyi sau miliyan 42.58 a daƙiƙa ga kowace tesila, don haka a tesila 1.5 ana yi musu magana a kan megahaz 64, ƙasa kaɗan da zangon FM, a tesila 3 kuma a kan megahaz 128. Shi ya sa ake lulluɓe ɗakin da jan ƙarfe, kada gidajen rediyo su shiga hoton.

Bugun rediyo yana kwantar da wannan maganaɗisu na jiki, daga nan abu biyu ke faruwa. Yana miƙewa a hankali ya koma inda yake, kuma ma'aunin lokacin miƙewar shi ne T1. A tesila 1.5, na kitse kusan milisakan 250 ne (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), na farin naman ƙwaƙwalwa tsakanin 600 da 800, na ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki kuwa kusan daƙiƙa 4. A lokaci guda jituwar juyin furoton tana watsewa, sigina ta dusashe, ma'aunin wannan shi ne T2, wanda a yawancin nama bai wuce milisakan 100 ba. Mai ɗaukar hoto yana da linzami biyu a hannunsa: TR, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, da TE, jiran da ake yi tsakanin bugu da saurare.

Tare da sigina kuma akwai hayaniya, wadda mafi yawanta daga jikin majiyyacin kansa take fitowa, sauran daga wayoyin na'ura. Ita ce ke sa hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Ga dokar da komai ya rataya a kanta: idan ka maimaita awo sau huɗu, sigina ta taru ninki huɗu, amma hayaniya, da yake ba ta da alƙibla, ninki biyu kawai take taruwa. Tsabtar hoto ta ƙaru sau biyu ke nan a kan lokaci sau huɗu. In kana son tsabta sau uku, sai ka biya lokaci sau tara. Saboda haka masana ba sa gwada jeri biyu da agogo kaɗai. Sukan ɗauki tsabtar hoton su raba ta da tushen lokacin da aka ci, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan lokaci. Jerin da ya gama a rubu'in lokaci amma ya ba da rabin tsabta bai fi ɗan'uwansa inganci da komai ba, kunnen doki suka yi.

Akwai tarko na biyu, kuma shi ne aka fi faɗawa. Tsabta tana bin girman ɗan dunƙulen naman da kowane ɗigon hoto yake wakilta. Wanda ya yanka falle, wato siririn yankin jiki da ake ɗaukar hotonsa, mai kaurin milimita 5 zai ga hotonsa ya fi na mai milimita 2.5 tsabta ninki biyu, ba tare da jerinsa ya yi wata bajinta ba. In aka rage dunƙulen da rabi ta tsawo da faɗi da kauri, girmansa ya koma kashi ɗaya cikin takwas, kuma mayar da tsabtar inda take zai ci lokaci ninki 64. Duk kwatancen da bai daidaita girman dunƙule da faɗin wurin da aka ɗauka ba, a ganina bai cancanci a tsaya masa ba.

Na'urar ba ta ɗaukar hoto kai tsaye. Tana cike wani allo ne na lissafi da ake kira filin k, layi bayan layi kamar kunyoyin gona, sai ya cika kwamfuta ta juya shi zuwa hoto. Wannan salo na bin layi-layi masu bincike a Aberdeen ta Birtaniya ne suka daidaita shi a 1980. Jeri na asali ya samo tushe daga abin da Erwin Hahn ya gano a Amurka a 1950, cewa siginar da ta dusashe ana iya kiranta ta dawo kamar amsa-kuwwa. A ɗauka mahaya ne suka fita sukuwa, wani dokin ya fi wani gudu, suka tarwatse a fili. In aka buga tambari kowa ya juya ya dawo da gudun da ya tafi da shi, tare za su iso. Bugun digiri 180, wato bugun rediyo mai juya maganaɗisun jiki rabin da'ira, shi ne wannan tambari. A jerin amsa-kuwwar juyi na gargajiya, ana bugun digiri 90 mai kwantar da maganaɗisun jiki, a bi shi da na 180, a saurari amsa-kuwwa ɗaya, a cike layi ɗaya, sannan a jira. Hoto mai nuna T2 da TR na milisakan 2,500 da layi 256 zai ci daƙiƙa 640, minti 10 da daƙiƙa 40. A kowace tazara ta daƙiƙa biyu da rabi kuwa, sauraren da ake yi wa falle ɗaya bai fi milisakan 8 ba. Kusan duk lokacin jira ne, kuma tarihin jerin bugu tarihin yaƙi da wannan jira ne.

Dabara ta farko mai sauƙi ce: yayin da falle na ɗaya ke farfaɗowa, a buga na biyu, a buga na uku, har a samu kusan ashirin cikin TR ɗaya. Wannan kaɗai ya sa jeri na gargajiya bai kai yadda ake kushe shi rashin inganci ba, matuƙar falle da yawa ake so.

Ta biyu ta fito daga Freiburg ta Jamus a 1986, inda Jürgen Hennig ya kawo jerin da ya kira RARE, wanda kamfanin GE ke sayarwa da sunan FSE, Siemens da Philips kuma TSE. Maimakon amsa-kuwwa ɗaya, a yi ta buga 180 a jere, kowace amsa-kuwwa ta cike layinta. Da amsa-kuwwa 16 a bugu ɗaya da TR na daƙiƙa 4, layi 256 za su cika cikin daƙiƙa 64. Ribar ta gaske ce a hoton T2, domin dama can ana zaman banza na kusan milisakan 100 kafin a saurara, sai aka cike gurbin da aiki. Amma a hoton T1 lissafin ya juye. A can TR gajere ne, kusan milisakan 500, kuma falle ɗaya a salon gargajiya ba ya cin fiye da milisakan 25, don haka ashirin za su shiga. In ka sa masa ayarin amsa-kuwwa 16, falle ɗaya zai cinye kusan milisakan 170, uku ma da ƙyar su shiga, sai an yi ta zagayowa, ribar ta zube. Shi ya sa ake taƙaita ayarin zuwa biyu ko uku ko huɗu a hoton T1. Dogon ayari yana da wasu kuɗin fito: amsa-kuwwar ƙarshe sun riga sun raunana, gefunan abubuwa su yi dishi-dishi, kitse ya yi haske fiye da yadda aka saba, kuma ɗigon tsohon jini da ya zuba a ƙwaƙwalwa ya fi saurin ɓuya.

Ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa, don tana gyara wata fahimta da ta yaɗu. A 1985, a Göttingen, Axel Haase da Jens Frahm da abokan aikinsu suka fito da FLASH. Suka jefar da bugun 180, suka kira amsa-kuwwa da maganaɗisun gangare kawai, wato ƙarin maganaɗisu da ƙarfinsa ke sauyawa daga wannan gefen jiki zuwa wancan, suka rage TR zuwa 'yan milisakan, sannan suka daina kwantar da maganaɗisun jiki gaba ɗaya, sai dai su ɗan karkata shi. Wanda ya san rijiya a rani ya san hikimar. In ka kwashe ruwan ƙarƙaf, dole ka zauna jira. Tsattsafowar kuma ta fi ƙarfi lokacin da ruwan ya yi ƙasa, tana raguwa yayin da rijiya ke kusantar cika, don haka mai jiran ta cika maƙil yana ɓata lokaci, mai zura babban guga a kai a kai kuma laka zai riƙa jawowa. Akwai gugan da ya dace da kowace tazara. Richard Ernst, ɗan Suwizaland da ya karɓi kyautar Nobel a 1991, shi da Weston Anderson suka fitar da lissafinsa tun 1966, ana kiransa kusurwar Ernst. Ga nama mai T1 na milisakan 800 da TR na milisakan 10, kusurwar kusan digiri 9 ce.

To nawa ne ribar? In aka yi lissafi a kan falle ɗaya, tsawon saurare daidai, mai bugun digiri 90 ya fi cin riba idan TR ɗinsa ya kai ninki 1.26 na T1. Mai ƙananan bugu a kusurwar Ernst, komai gajartar TR ɗinsa, abin da zai ɗara wancan da shi bai wuce kashi 11 cikin ɗari ba. Ma'ana, in ya gama cikin kashi ɗaya bisa ɗari na lokaci, tsabtar hotonsa kusan kashi ɗaya bisa goma ce. Bai ƙirƙiri sigina ba, ya dai ba da damar a sayi lokaci da tsabta, kuma wannan dama ba ƙarama ba ce. Hanta tana hawa da sauka da numfashi, hoton minti goma a kanta aikin banza ne, amma na daƙiƙa 15 da majiyyaci zai riƙe numfashi zai fito. Gajeren TR kuma shi ya buɗe ƙofar ɗaukar dunƙulen wuri gaba ɗaya a madadin falle-falle, inda kowane bugu ke sauraren dukan wurin, a samu yanka siriri na milimita 1.

Idan ma'aunin tsabta bisa lokaci kaɗai za a bi, zakaran gwajin dafi shi ne jerin daidaitaccen juyi, wanda Siemens ke kira TrueFISP, GE kuma FIESTA. Tushensa aikin Herman Carr ne na 1958, an kawo shi fagen hoto a 1986, amma sai da maganaɗisun gangare suka yi sauri a ƙarshen shekarun 1990 ya zama abin aiki. FLASH yakan lalata ragowar siginar da ta saura kafin bugu na gaba, shi kuwa wannan adana ta yake yi ya ɗora a kai. A tsoka mai T1 na kusan milisakan 1,000 da T2 na 50, da TR na milisakan 4, FLASH zai samu ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na maganaɗisun da ke akwai, wannan kuwa kusan kashi 11, kuma kusan rabin lokacinsa saurare ne. Jini ya fi tsoka haske sosai a cikinsa, shi ya sa ya mamaye hoton bugun zuciya. Rauninsa biyu ne. In babban maganaɗisu bai daidaita ba, baƙaƙen zane sukan ratsa hoton, ga TR na milisakan 4 sukan bayyana duk bayan bambancin haz 250, wato juyi 250 a daƙiƙa, abin kuma ya fi tsananta a tesila 3. Na biyu, haskensa yana bin T2 a raba da T1 ne, ruwa fari, kitse fari, naman ƙwaƙwalwa fari da toka-toka kuwa da ƙyar a rarrabe su. Mafi ingancin jeri ke nan, amma ba shi ake ɗora wa binciken ƙwaƙwalwa na yau da kullum ba.

Mai tsuwar nan kuma shi ne EPI, tunanin Peter Mansfield na Nottingham tun 1977, wanda ya raba kyautar Nobel ta 2003 da Paul Lauterbur. Bugu ɗaya, a share filin k duka cikin ƙasa da milisakan 100. Hoton yakan lanƙwashe kusa da kogon hanci da kunne inda iska ta haɗu da nama, ƙararsa na iya wuce desibel 100, amma da shi ake auna yawon ƙwayoyin ruwa a gane shanyewar ɓarin jiki tun tana sabuwa, cikin kusan minti ɗaya. Babu mai neman kyan hoto a wurinsa.

Akwai iyakar da takarda ba ta nunawa: zafi. Igiyar rediyo tana ɗumama jiki, kuma ƙa'idar duniya ta tsayar da wat 2 ga kowane kilo na jiki a aikin yau da kullum, wat 4 in likita na sa ido. Bugun 180 yana zuba zafi ninki huɗu na bugun 90 mai tsawo ɗaya, tesila 3 kuma kusan ninki huɗu na tesila 1.5. Jerin da ya yi fice a lissafi zai iya isa gaban na'ura ta ƙi shi, ta tilasta a tsawaita TR ko a rage kusurwa ko a rage falle. Ga majiyyaci mai zazzaɓi, ko ɗakin da na'urar sanyaya iska ta gaza, hattarar ta ƙaru.

Dabarun gaggawa na baya-bayan nan, SENSE daga Zurik a 1999 da GRAPPA daga Würzburg a 2002, gayya ce: eriyoyi da yawa kewaye da jiki, kowace ta ji ɓangarenta, sai a tsallake layuka a cike giɓin da lissafi. Tsallake rabi yana rage lokaci da rabi, tsabta kuma ta sauka zuwa kusan kashi 71 cikin ɗari, har ƙasa da haka a tsakiyar jiki inda eriyoyin ba sa rarrabe wuri sosai. Inganci bai ƙaru ba. Abin da aka samu shi ne gajeren riƙon numfashi da raguwar lanƙwasar EPI.

Duk wannan lissafi kuwa bai taɓa ainihin abin da likita ke nema ba, wato bambanci tsakanin lafiyayyen nama da mai ciwo. Jerin FLAIR, wanda ya fito daga asibitin Hammersmith na Landan a 1992, yana fara da bugun 180 ya kifar da maganaɗisu, ya jira kusan milisakan 2,000 zuwa 2,500 har ruwan ƙwaƙwalwa ya zo daidai sifiri, sannan ya ɗauki hoto. TR ɗinsa kan kai daƙiƙa 9 ko 10, yana kuma zubar da sigina da gangan. A ma'aunin tsabta bisa lokaci yana can baya. Amma a duba yaro mai ciwon sikila, cutar da ta yi katutu a ƙasar Hausa. Wasunsu kan samu ƙananan mutuwar nama a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a fili ba, sai dai karatu ya riƙa ja da baya, kuma tabon da ake ƙirgawa yana farawa daga milimita 3 ne. Farin ɗigo kusa da farin ruwa yana iya ɓacewa a hoton T2, a FLAIR kuwa ruwan baƙi ne, ɗigon ya fito. Ma'aunin da ya dace a nan shi ne tazarar haske tsakanin tabo da naman da ke kewaye da shi, a raba da hayaniya, a raba da tushen lokaci. Sannan ga yaron kansa: in ya motsa kai a minti na huɗu na jerin minti biyar, an rasa duka, jerin minti biyu mai ɗan tsaki-tsaki ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. In kuma aka kaurara falle don a samu sauri, tabon milimita 3 ya narke cikin naman da ke gefensa. Tsakanin waɗannan ramuka biyu mai ɗaukar hoto yake taka sawu, kuma ina ganin aikin nasa bai samun girmamawar da ta kamace shi.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na na Najeriya masu ƙaramin ƙarfi ne. Wannan yana sauya kwatancen tun daga tushe, domin yawancin alƙaluman littattafai a kan tesila 1.5 da 3 aka yi su. A tesila 0.35 sigina ta yi ƙasa, ba musu. Amma T1 ya gajarta, rijiyar ta fi saurin cika, ana iya rage TR. Zafi ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin 18 na tesila 1.5, don haka dogon ayarin 180 da manyan kusurwoyi ba su da shamaki. Tazarar juyi tsakanin ruwa da kitse, wadda take kusan haz 220 a tesila 1.5, ta koma kusan 50, sai a iya tsawaita saurare a rage hayaniya ba tare da kitse ya goce daga wurinsa ba, baƙaƙen zanen daidaitaccen juyi ma su yi sauƙi. A ɗaya ɓangaren, wannan kusancin yana hana a kashe hasken kitse ta hanyar zaɓen zango, sai a koma ga jerin STIR mai kifarwa da jira, kuma tsofaffin na'urori masu raunin gangare ba sa iya EPI yadda ya kamata. Wanda ya kwafo tsarin tesila 1.5 ya ɗora wa irin wannan na'ura ya yi asara biyu: ya gaji iyakokin da ba nata ba, ya bar damarta a ƙasa.

Ƙaramar na'ura in an san takenta tana amsa babbar tambaya. A Blantyre ta Malawi, da na'ura mai tesila 0.35 aka duba yara 168 masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sakamakon ya fito a 2015. Cikin 25 da suka rasu, 21 suna da matsanancin kumburin ƙwaƙwalwa tun ranar da aka kwantar da su, alhali cikin 143 da suka rayu, 39 ne kawai aka ga hakan a tare da su.